Babur ɗin Baba Mele da Gudumar Halliru

Akwai wani bakanike da aka yi a Kazaure, sunansa Halliru. Labarin nan ya faru ne a shekarun da kuɗin man fetur suka fara shigo wa ƙasar nan, lokacin da aka yi ƙarin albashin Udoji, ma'aikata suka cika gari da sababbin babura. Ko mafarkin Jigawa ba a yi ba tukuna, duk muna cikin Jihar Kano.

Halliru ya iya aiki, wannan ba zan rage masa ba. Babur zai shigo rumfarsa yana tari, kafin mai shi ya sauka ya riga ya faɗa masa abin da ke damunsa. Amma yana da wani ciwo da ba a sayar da maganinsa a kemis. Bai yarda a ce wani ne ya nuna masa ba. In ka ce masa ga hanya, ko da can ita ya nufa, sai ya juya.

A tsallaken titi, daidai saitin rumfarsa, akwai rumfar Monday, wani mutumin Kagoro. Tare suka koyi aiki a Kano wajen maigida ɗaya, tare suka zo Kazaure suka kafa rumfa ɗaya, har kwanon abincinsu ɗaya ne. Abin da ya raba su ko kunyar faɗa yake da shi. Wani direba ne ya ce a gaban mutane gyaran Monday ya fi daɗewa. Shi ke nan fa. Washegari Halliru ya kwashe sifanoninsa ya tsallaka titi. Monday ya bi shi da ban haƙuri har ya gaji ya bari.

Halliru yana da mata, Dela. Tana da cikin fari, ya tsufa, iyayenta suka zo suka ɗauke ta goyon ciki zuwa ƙauyensu da ke bayan Gwiwa.

Kafin su tafi an kai ta awo asibitin Kazaure. Nas ɗin da ta duba ta, Veronica, ta danna ƙafarta da yatsa, wurin ya loma ya ƙi tasowa. Ta dubi fuskarta, ita ma ta kumbura. Ta ce wa uwar, "Mama, da kun bar ta a gari kusa da mu."

Uwar ta ce, "Haihuwar fari a ɗakin miji? A ɗakin uwata na haife ta, ita ma a ɗakina za ta haihu."

Veronica ta ce, "To tunda kun ƙi, ku ji ni da kyau. Ranar da ta ce kanta yana sarawa, ko tana ganin duhu-duhu, kada ku jira naƙuda, kada ku tsaya jiƙa magani. Ku kawo ta a ranar, a lokacin."

Halliru yana wurin. Da kunnensa ya ji.

To damina ce. Hanyar ƙauyen nan in ruwa ya zauna mota ba ta shiga, sai wata tsohuwar akori-kura da ke zuwa ranar kasuwa kawai, ita ma da turi da addu'a. Duk ƙauyen abin hawa mai inji guda ɗaya ne, babur ɗin Baba Mele.

Baba Mele Babarbare ne, fataucin kanwa ya kawo shi tun yana saurayi, ya zauna har ya yi furfura. Babur ɗin kuwa a hannun wani Bature ɗan kamfanin gyaɗa ya saye shi, shekarar da aka samu 'yanci Baturen zai koma gida. Baƙi ne, ƙirar Ingila, mai nauyi kamar maraƙi. In ya tashi, mutanen ƙauyen gaba sun san Baba Mele ya fito.

Wanda maciji ya sara, wanda ya faɗo daga kan ɗorawa, mace mai doguwar naƙuda, duk shi ke kai su. Ko a gona yake in aka kira shi zai yar da fartanya. Wannan babur shi ne abin da iyayen Dela suka dogara da shi da suka ce wa Veronica sun ji.

Sai ga shi wata rana Baba Mele ya shiga rafi da shi, ruwa ya fi yadda ya zata. Bayan 'yan kwanaki inji ya fara wani gurnani kamar ana niƙa tsakuwa. Tsohon ya kwance injin da kansa, ya naɗe a buhu, ranar kasuwa ya sa a akori-kura ya kawo wa Halliru.

Halliru ya russuna ya gaishe shi, ya buɗe buhu, ya yi dariya. "Baba, wannan tsohon naka har yanzu bai gaji ba?"

"Ni ma da na girme shi ban gaji ba."

"Ga sababbi nan sun cika gari, marasa nauyi, kik ɗaya su tashi."

"Na gan su. In sun kai shekarunsa sai mu yi magana."

Tsohon ya zauna a kan benci, ya rage murya. "Ɗana, ka san abin da ke kan injin nan. Jiya na leƙa gidan Malam Muhammadu Lawal. Iyalinka ƙafar ta ƙara hawa, takalmi ma ba ya shiga. Ba na son ƙauyen nan ya kwana babu babur fiye da yadda ya zama dole. Motar za ta juya bayan la'asar. In na rasa ta, sai wata kasuwar."

Malam Muhammadu Lawal shi ne mahaifin Dela.

Halliru ya sunkuyar da kai don kunya, amma da zai amsa sai ya ɗaga murya yadda za a ji a tsallake. "Kafin a kira la'asar za ka ɗauki injinka, Baba. Nan ba wurin da ake ajiye wa mutane kaya su yi tsatsa ba ne."

Ya raba injin biyu. Matsalar ta fito fili. Boris ɗin, wato zoben ƙarfen da karanshaf ke juyawa a cikinsa, ya ci ruwa, ya yi tsatsa, ya manne a gurbinsa kamar tare aka ƙera su.

Ku da ba ku taɓa riƙe sifana ba, bari in yi muku bayani a taƙaice. Kwanon da ke riƙe da kayan cikin inji, wanda makanikai ke ce wa kesin, da alminiyam ake yin sa. Boris kuwa baƙin ƙarfe ne. In aka ɗora kesin a kan garwashi, alminiyam ya fi saurin buɗewa, sai ya saki boris ɗin. Za ka jira har in ka tofa yawu ya yi cuu, sai ka kifa shi a kan katako ka ɗan buga, boris ya faɗo da kansa. Aikin ke nan. Ba ya son ƙarfi, jira yake so.

Sabon boris ba wuya, Halliru yana da daidai shi a akwati. Kesin ɗin ne babu. Ko Sabon Garin Kano ka juye ba lallai ka samu irinsa ba.

Kuma kada ku ce Halliru bai san wannan ba. Ya sani sarai. Ya wanke kesin ɗin da fetur, ya shanya a rana don ya bushe kada ya kama da wuta. Ya ari kurfoti wajen Abu mai shayi, maƙwabcin rumfarsa, ya zuba gawayi ya hura. Ga shi nan tsugune yana fifita, yana jiran ya zama garwashi. Komai yana tafiya daidai.

Sai Monday ya tsallako shan shayi.

Ya durƙusa ya gaida Baba Mele, ya hango kesin a rana, idonsa ya yi haske. "Kai, wannan ai irin wanda Maigida ya koya mana a kai ne. Rabona da ganinsa tun Kano." Ya juya wajen Halliru. "Halli, sai an gasa shi fa. Kada ka sa masa guduma, kesin ɗin ya tsufa."

Da zuciya ɗaya ya faɗa. Mutum ne ya ga abin da ya tuna masa ƙuruciya.

Amma kowace kasuwa tana da irin Abu mai shayi, mutumin da in bai haɗa biyu faɗa ba shayinsa ba ya daɗi. Yana juya kofi ya ce, "To Malam Halliru, ka ji umarni ya zo daga sama. Ashe har yanzu daga tsallake ake aiko maka da karatu."

'Yan benci suka kwashe da dariya.

Halliru ya daina fifita. Ya miƙe a hankali. "Wa ya ce muku wutar nan ta inji ce?"

Abu ya ce, "To ta mece ce? Sanyi kake ji?"

"Masara zan gasa."

Wallahi haka ya ce. Kuma bai tsaya a faɗa ba. Wata mata tana wucewa da ɗanyar masara a tire, ya kira ta, ya ɗauka ya ɓare, ya jera a kan garwashin da ya hura don injin da zai ɗauko matarsa.

Monday ya ce, "Halli, ni ba da wata manufa na faɗa ba."

"Sha shayinka, ɗan Kagoro. Gashi aikin masu tsire ne. Mu da hannu muke aiki."

Monday ya ajiye kofin bai shanye ba, ya koma rumfarsa.

Baba Mele ya ce, "Ɗana, saurina bai kai haka ba. In wutar ce daidai, a yi wutar."

"Baba, in gyaran Monday kake so, ga titi nan, ba a kulle shi ba."

Tsohon ya dube shi, ya ƙyale shi. Halliru surukin maƙwabcinsa ne, kuma mijin yarinyar da ake wannan wahala dominta. Ya ɗauki butarsa ya tafi masallaci, daga can ya wuce cikin kasuwa.

Halliru ya kifa kesin a kan kututture, ya zura wani guntun ƙarfe ta baya, ya ɗauko guduma. Ya buga, boris ko gezau. Ya ƙara. Ya koma ɗaya gefen ya ƙara. Gumi ya jiƙa rigarsa. 'Yan benci sun zuba ido, Abu yana cewa, "A hankali dai, gwani, masararka tana ƙonewa."

Wannan maganar ta sa ya ɗaga gudumar har bayan kunne.

Boris ya fito a karkace, ya faɗi ƙasa, ya gangara har ƙarƙashin benci. Mutane suka ɗauki sowa. Halliru ya ɗauko shi ya ɗaga sama yana fuskantar tsallaken titi, don wanda ake nufi ya gani.

Amma a bugun ƙarshen nan akwai wata 'yar ƙara da ba irin sauran ba. Ƙas, siririya. Babu wanda ya ji sai shi.

Da hayaniya ta lafa ya juya baya, ya goge kesin ɗin da tsumma. Ga ta nan. Tsaga siririya kamar gashi, ta taso daga gurbin boris ta gangara har gindi, inda baƙin mai ke kwanciya.



To har a nan Allah bai rufe masa ƙofa ba. A duk Kazaure a lokacin mutum ɗaya ne ke da tukunyar gas kuma ya iya waldar alminiyam. Kun san ko wane ne. Yana zaune a tsallaken titi yana ɗaure birkin wani malamin makaranta. Da an kai masa, ko bai gama ranar ba, zai gama washegari, kuma Monday mutum ne da zai ɗauki injin a babur ɗinsa ya kai har ƙauyen.

Halliru ya naɗe kesin ɗin a tsumma, ya rungume a hammata, ya fito. Ya zo har bakin kwalta. Ƙafarsa ɗaya ta hau.

Abu ya ce, "Ina zuwa da kaya a hammata? Makaranta?"

Halliru ya tsaya. Ya ce, "Haske nake nema in duba abu." Ya ɗaga tsumman ya yi kamar yana dubawa a rana, ya juyo.

Faɗin titi ne kawai, jama'a. Titin Kazaure na wancan lokaci, wanda akuya ke tsallakawa tana tauna.

Ya shige can ƙuryar rumfa. Ya goga wani guntun alminiyam ya tara garinsa, ya kwaɓa da gam, ya cusa a tsagar, ya shafe. Da ya sha iska sai ya bi ta kai da tsohon baƙin mai da ƙura, har wurin ya saje da sauran. Ya sa sabon boris, ya haɗa inji, ya ɗaure tamau.

Yana yi yana lallashin kansa. Ai zai riƙe zuwa wani lokaci. Ai Dela da saura. Wani satin zan shiga Kano in nemo ko tsohon kesin ne, in je ƙauyen in canza da hannuna, babu wanda zai sani.

Ana kiran la'asar Baba Mele ya dawo. Ya juya injin da hannu, ya ji yana tafiya sumul, ya yi murmushi. "Allah ya yi maka albarka. Na yi zaton fushi zai ɓata aikin, ashe hannun ya fi bakin hankali."

Halliru bai iya kallon idonsa ba. Ya ce, "Baba, ka riƙa duba mai."

"Kullum sai na duba."

"To ka riƙa dubawa dai."

Iyakar gaskiyar da ya iya faɗa ke nan. Aka ɗora buhu a mota, tsohon ya leƙo ta gefe yana cewa, "Allah ya sauki iyalinka lafiya." Mota ta tashi.

Ya je Kanon? Bai je ba. Kasuwa ta zagayo, direban akori-kura ya kawo labari cewa babur ɗin Baba Mele yana ta ƙugi kamar sabo. Halliru ya ji sanyi a ransa. Aiki kuma ya yi yawa, masu Udoji kullum suna faɗuwa da baburansu suna kawowa. Na lura da wani abu a rayuwa: mutum in ya yi ɓarna bai ga sakamako nan take ba, a hankali sai ya fara yarda ashe dabara ya yi.

Gam ɗin ya riƙe ne don tsohon bai yi nisa ba. Daga gida zuwa gona, daga gona zuwa gida, inji bai taɓa yin zafi sosai ba.

Ranar da abin zai faru, da hantsi, Dela tana zaune tana tsince wake sai ta dafe kai. Ta ce, "Inna, kaina kamar ana sara da gatari. Kuma wa ya tsaya a ƙofa ya tare haske?"

Babu kowa a ƙofa.

Uwar ta tuna maganar Veronica. Wannan karon ba ta yi gardama da kowa ba. Aka ruga gona aka kira Baba Mele. Ya zo da gudu, ya buɗe ya duba mai, yana nan cike. Kik biyu babur ya tashi.

Aka zaunar da Dela a bayansa, ya kwance rawaninsa aka ɗaure ta a jikinsa. Uwar ta hau can baya ta rungume ta. Malam Muhammadu Lawal ya ce su yi gaba, zai biyo su a keke.

An yi ruwa kwana biyu kafin nan. Hanya duk taɓo, mutum uku a kan babur, ba a iya fita daga ƙaramar giya. Inji yana ta kuka, yana ɗaukar zafi. Alminiyam kuwa na gaya muku halinsa, in ya ji zafi buɗewa yake. Tsagar ta buɗe baki, gam ya ɓalle ya faɗi a taɓo, baƙin mai ya fara tsiyaya. Wa zai gani? Tsohon idonsa yana kan hanya, uwar tana kiran sunan 'yarta.

Sun bar ƙauyuka a baya, sun shiga wani fili da babu gida ko ɗaya, sai Baba Mele ya ji ƙauri. Kafin ya gane daga ina ne, inji ya yi wata ƙara ya cije. Tayar baya ta ja ƙasa. Da ƙyar ya tokare da ƙafa ba su faɗi ba.

Suka kwance Dela suka kwantar da ita a gindin wata kanya. Tsohon ya koma kan babur ya taka kik. Kik ya ƙi motsi, kamar an dasa shi. Ya hau da duk nauyinsa, ya sake hawa, har ƙarfen ya zame ya yanke masa ƙwauri. Bai ma ji ba.

A nan jijjiga ta kama ta. Uwar ta danne ta da ƙirji, tana tura gefen zani tsakanin haƙoranta kada ta datse harshe.

Baba Mele, mutum mai jikoki, ya tattare riga ya shiga gona da gudu neman masu amalanke. Ya faɗi, ya tashi. Ya samu wasu Fulani can nesa, amma shanun suna wajen kiwo, sai da aka koro su aka ɗaura.

Da suka iso gindin kanyar rana ta karkata. Malam Muhammadu Lawal ya riga ya iso, kekensa yana yashe a hanya, shi kuma yana tsaye ya juya baya. Uwar tana zaune, kan Dela a cinyarta, ta ja mayafi ta rufe mata fuska.

Ita da abin da ke cikinta, tare suka tafi.

Amalanken da aka kawo don a kai ta asibiti, shi ya mayar da ita gida.

Wani mai keke ne ya kawo labari Kazaure. Halliru yana ƙarƙashin wani babur aka gaya masa. Ya fito ya tsaya tsakiyar rumfa yana waige-waige. Duk baburan da ke wurin a kwance suke, wani ba taya, wani ba inji. Shi kansa keke yake hawa.

Sai ga Monday ya tsallako titi a kan nasa. Ya ce, "Hau."

Halliru ya hau, suka kama hanyar ƙauyen. A hanya sun wuce baƙin babur ɗin a yashe gefen kanya. Monday ya rage gudu, ya kalli gindin injin, ya kalli baƙin layin da mai ya zana a ƙasa, ya ƙara wuta. Halliru ya ga ya gani.

Sun samu jana'iza.

Washegari aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan Malam Muhammadu Lawal. Aka zaunar da Halliru kusa da surukinsa, mutane suna zuwa suna yi musu gaisuwa tare. Monday yana can gefe a kan wani dutse, bai koma ba.

Can sai ga Baba Mele yana ɗingishi, ƙafa ɗaure da tsumma. Bai zauna inda dattawa suke ba. Ya wuce har gaban Halliru, ya durƙusa gwiwa biyu a ƙasa. Mutum mai furfura, a gaban yaron da bai wuce sa'an ɗansa ba.

Ya ce, "Ɗana, ka yafe mini."

Mutane suka ce, "Haba Baba Mele, tashi."

Ya ce, "Ku bar ni in faɗa. Yaron nan ya yi nasa. Ya bar aikin kowa ya gyara mini a yini ɗaya. Har sau biyu yana ce mini, Baba ka riƙa duba mai. Na duba, wallahi na duba, amma wataƙila idon ne ya tsufa. 'Ya'yana sun daɗe suna cewa in rabu da tsohon ƙarfen nan in sayi sabo, na ƙi, don son abina. Na sa mutane suka dogara da ni. Da na ce musu ba zan iya ba, da sun bar ta a gari. Ni na kai yarinyar nan daji na ajiye."

Hawaye yana bin gemunsa. Dattawa suna cewa, "Ƙaddara ce, Baba. Kwana ne ya ƙare."

Kun ga an shimfiɗa wa Halliru hanya. Abin da kawai zai ce shi ne "Allah ya yafe mana baki ɗaya," a shafa fatiha, tsohon ya ɗauki kayan ya tafi da su kabari. Halliru ya dubi Monday. Monday ya kawar da kai yana kallon ƙasa. Ba zai tona ba.

Halliru ya kama hannun tsohon.  Ya ce, "Baba, idonka lafiya lau yake. Ni na fasa kesin ɗin. Na sa masa guduma ya tsage, na liƙe da gam, na shafa baƙin mai don kada ka gani."

 Baba Mele ya zare hannunsa a hankali.

Malam Muhammadu Lawal mutum ne da bai cika magana ba. Bai ɗaga murya ba, bai ma juyo ba. Ya ce, "Lokacin da ka ba shi injin, ka san ya tsage?"

"Na sani, Baba."

"Ka san ita zai ɗauko?"

"Na sani."

"Babu mai iya gyara tsagar a garin?"

 Halliru ya ce, "Akwai."

Dattijon ya gyaɗa kai. Ya ja carbinsa ya ce, "Kwananta ne ya ƙare, wannan na yarda, ba na jayayya da Ubangiji. Ba zan kai ka wajen alƙali ba, ba zan yi maka baki ba. Amma ka tashi daga tabarmar nan. Wurin masu karɓar gaisuwa ne."

Halliru ya tashi. Ya tsaya yana neman takalminsa a cikin takalman mutane, babu wanda ya nuna masa. Da ya samu ya kama hanyar Kazaure a ƙafa.

Babur ɗin bai sake tashi ba. Har ruwa ya ɗauke a shekarar nan, duk wanda ciwo ya kama a ƙauyen a amalanke ake ɗaukar sa. Wasu sun kai, wasu ba su kai ba.

Darasi: Gaskiya ba ta lalacewa don ta fito daga bakin wanda ba ka so. In abin da ya faɗa daidai ne, ka yi shi, ko da za a yi maka dariya, don dariyar 'yan benci ba ta wuce yini guda. In kuma ka riga ka ɓata, kada ka shafa baƙin mai a kai, ka faɗa tun ana iya gyarawa. Ku masu sana'a, makaniki ne kai ko magini ko mai haɗa wutar lantarki, ba ka san ran wa zai hau kan aikinka ba, wataƙila na gidanka ne. Ku tura wa duk wanda kuka san girman kai ya hana shi tsallaka titi, ko Allah zai sa ya tsallaka tun yau.